Aikin tattaunawa da masu kamun kifi a Kogin Kolumbiya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko aikin nan na 'yan watanni a Kogin Kolumbiya, tsakanin jihohin Oregon da Washinton a Amurka, gadi ne. A'a, ba ka kama kowa. Tun asuba za ka tsaya inda jiragen ruwa ke fitowa, ka tambayi masu kamun kifi don nishaɗi awa nawa suka yi, me suka kama, me suka saki.

Sai ka auna kifin salmon, ka duba ɗan ƙaramin fiffiken da ke kusa da jelarsa. In an yanke shi, daga gidan ƙyanƙyasa ya fito, wato inda ake hayayyafa kifi, a yanke musu fiffiken kafin a sake su cikin kogi. In yana nan, ana ɗaukarsa haihuwar kogi ne, kuma galibi doka ta ce a mayar da shi ruwa. Da waɗannan alƙaluman hukuma ke yanke ranar rufe kamu, shi ya sa nake ganin darajar aikin. Ka nema, amma ka tanadi rigar ruwa, akwai sanyi da doguwar tsayuwa.