Digiri na Biyu a Fasahar Koyarwa: Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Ni malamar sakandare ce, digirina na lissafi ne, ba na koyarwa ba. Zan iya karatun digiri na biyu kan amfani da na'urori a aji?

Amsa: Malama, sai kin fara da difilomar koyarwa ta PGDE, wadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna ke bayarwa. Daga nan ki nemi M.Ed, wato digiri na biyu a fannin ilimi, a fasahar koyarwa. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana koyar da shi daga nesa, ba sai kin ajiye aiki ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne binciken kammalawa. Mutum ya tsara shi kan majigi da intanet, ranar gwaji a ɗauke wuta, ɗalibai su zuba masa ido. Ki sauke bidiyoyin darasi a waya tun da dare, ki tanadi batir.