Amsa ga 'yar'uwar da furenta ke ruɓewa a tukunya

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce kin samo furen nan mai ƙananan ganye masu kauri da ruwa a ciki, wanda yake buɗewa da hantsi, kin dasa shi a bokitin roba ƙarƙashin darbejiya, kina ba shi ruwa safe da yamma, amma gindinsa yana baƙi yana narkewa, kuma bai taɓa yin fure ba. Na shekara takwas ina renonsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma abin da ya same ki shi ne ya same ni a shekarar farko.

Asalin wannan fure daga Kudancin Amurka yake, wajejen Burazil da Ajantina, kuma a Burazil sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa ƙarfe goma sha ɗaya, saboda lokacin da yake buɗewa. Ɗan'uwan harshen saniya ne, ciyawar nan da ke shimfiɗuwa a bakin hanya da gonakin lambu ba tare da kowa ya shayar da ita ba. Kaurin ganyen nan da kike gani rumbun ruwansa ne, don haka idan kika ƙara masa ruwa sau biyu a yini a cikin bokitin da ba shi da huda, saiwarsa ba ta samun iska, sai ta ruɓe daga ƙasa tun kafin ki ga alama a sama.

Abu na farko, ki raba shi da bokitin nan. Ni tsohuwar kwatarniya da ta tsage nake amfani da ita, ko gindin randa da ta fashe, domin tukunyar ƙasa tana tsotse ruwan da ya yi yawa. Idan roba ce kawai kike da ita, ki huda gindinta wuri biyar ko shida, ki zuba tsakuwa kaɗan. Ƙasa kuwa, mu mutanen Jigawa Allah ya hutar da mu, domin rairayin ƙofar gidanmu shi ne abin da yake so. Ina haɗa kashi uku na rairayi da kashi ɗaya na takin awaki da ya bushe ya ruɓe sosai. Kada ki kusanci laƙar fadama, kuma kada ki cika taki, domin na taɓa zuba masa kashin kaji da yawa don son ya yi kyau, sai ya yi ganye kore shar, ya yi tsawo, amma fure ko ɗaya bai fito ba har wata biyu.

Inuwar darbejiyar ita ce ta hana shi fure. Yana bukatar rana kai tsaye ta aƙalla awa shida, kuma zafin bazara na Maris da Afrilu, wanda ke ƙona sauran shuke-shuke, lokacin ne yake cika tukunya da ja da rawaya da fari. Ko a rana kika ajiye shi, ranar da hadari ya rufe sama zai ƙi buɗewa, kuma kowane fure yini ɗaya yake yi ya bushe, gobe wani ya fito. Wannan ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba ne.

Wajen ban ruwa, ki tura yatsa cikin ƙasar, idan kin ji danshi ki ƙyale shi. A bazara nakan ba shi bayan kwana biyu, a hunturu kuwa sau biyu a mako ya isa, domin sanyi yana rage masa girma. Babban haɗarinsa markar watan Agusta ce. Wata shekara na bar tukwane huɗu a ƙarƙashin indararo, cikin mako guda duk suka narke, don haka yanzu da damina ta yi nisa nake ɗora su a kan bulo, nesa da inda ruwan rufi ke zuba.

Wanda ke hannunki bai mutu duka ba matuƙar akwai reshen da yake da tauri. Ki yanko saman da bai ruɓe ba, tsawon yatsa, ki cire ganyen ƙasa, ki bar shi ya sha iska yini guda a inuwa, sannan ki soka shi a rairayi mai ɗan danshi. Cikin mako ɗaya zuwa kwana goma zai kama. Idan kuma iri kike son shukawa, ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, a saman ƙasa ake barbaɗa ta ba a binnewa, domin tana bukatar haske kafin ta tsiro.

Darɓa takan kama tohonsa wani lokaci, ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma yana korar ta. Kaji ne suka fi ba ni wahala, domin rairayin tukunyar yana jan su tono, shi ya sa nake kife tsohon kwando mai manyan ramuka a kan sabon dashe har sai ya rufe bakin tukunyar.