Mu uku ne a Damagaram, ta yaya za mu yi atisayen tiriyatilon (gasar ninƙaya, keke da gudu) tare?

Ƴar'uwa, kin ce ɗayarku ta fi sauran gudu, kina tsoron hakan ya raba ku. Abin da ke watsa irin wannan haɗuwa shi ne mai ƙarfi ta ja gaba kullum, ta baya ta galabaita, bayan sati biyu ta daina fitowa. Ku bi saurin wadda ta fi jinkiri: in ba ku iya hira kuna gudu, kun yi sauri da yawa. Mai ƙarfin ta ware rana guda a sati ta yi nata.

Gajeren tiriyatilon ninƙaya ce mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Kada ku koyi ninƙaya a tafki, akwai tsargiya. Ku fara da keke da gudu.

Ku fita bayan sallar asuba, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Kowacce ta riƙo ruwanta. In fitar ta haura awa guda, a lita 1 a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kayan faci da famfo kuwa ku riƙa ɗauka bi da bi, ƙaya ba ta raga wa taya a bakin kwalta.