Amsa ga mai tambaya kan dillalan amfanin gona

Salam ɗan'uwa, ka ce yaya za mu rage cin da dillalai ke mana a kan gero da wake. Ni a ganina ba dillali ne tushen ciwon ba, matsuwar kaka ce, ka kai wake kasuwa ranar da kowa ya kai nashi, ga bashin taki ga tufafin yara, dole ka sallama ko nawa aka taya.

Mu a ƙauyenmu wajen Miriya koperatif muka kafa, muna warantaj, wato jinginar da amfanin gona a karɓi bashi, ana zuba buhuna a magaze a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya hannunmu ɗaya hannun asusun da ya ranta mana kuɗi, sai bazara farashi ya tashi mu fitar mu biya. Waken a buhun PICS, mai ninki uku da iska ba ta shiga, muke sa shi saboda ƙwari.

Kuma kar ka bari a auna maka da tiyar mai saye, wallahi na ga wadda aka bubbuga gindinta ta ƙara zurfi, abin ya ƙona min rai. Je da taka. Kafin ka ɗora wa amalanke kaya buga waya kasuwar Dole ta Damagaram da ta Matameye ka ji farashi, in kun haɗa kamyo guda ku nemi ɗan kasuwar Dawanau ta Kano kai tsaye.