Amsa ga mai akwatin tsofaffin hotunan surukansa 'yan Lituweniya

Malam, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Idan na fahimci tambayarka, maiɗakinka Ba'amurkiya ce da kakanninta suka zo daga Lituweniya, mahaifiyarta ta rasu ta bar muku akwati cike da hotuna, wasu a kan kwali mai kauri, wasu manne a albam, bayansu da rubutun da babu mai iya karantawa a gidan. Wadda ta rage a manya ita ce yayar marigayiyar, ta haura tamanin. Kana so ka san ta inda za ku fara, da kuma ko ku kai a wanke su a yi musu kala.

Ajiye maganar kala tukuna. Hoton da ya shekara ɗari a akwati zai iya ƙara wata shida, tsohuwar ce ba ku da tabbacin ta. Amma kafin ku je wurinta, kada ku sake tsarin akwatin. Yadda kuka same shi, ɗauki hotonsa da waya a haka, ɗauri-ɗauri, ambulan-ambulan, shafi-shafi. Hotunan da aka ɗaure wuri guda yawanci daga gida ɗaya suka fito ko cikin wasiƙa ɗaya suka zo, kuma da zarar an ware su, na aure gefe, na yara gefe, wannan shaidar ta tafi ke nan. Sai ka ba kowane hoto lamba a bayansa, can kusurwa, da fensir mai laushi, 4B ko 6B, a kan tebur mai tauri, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsowa gaba bayan shekaru.

Zaman da tsohuwa: a kai mata hotuna goma zuwa sha biyar a zama ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, waya tana naɗar murya, ka faɗi lambar hoton da ƙarfi kafin ta fara magana. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ce mata "wannan ba kawu wane ba ne?" Za ta ce shi ne, don kada ta ba ku kunya, daga nan sunan ƙarya ya manne wa hoton. Tambaye ta me ta gani, ɗakin wa aka rataye wannan, wa yake kuka idan ya kalle shi. A littafinku ku raba gida biyu: abin da aka gani a rubuce, da abin da wance ta faɗa ranar kaza. Bayan mako biyu a sake nuna mata waɗanda ta yi kokwanto a kansu, a gani ko sunan bai canja ba.

Shi kansa hoton yana faɗin shekarunsa idan an san inda za a duba. Wanda yake a kan siririn ƙarfe mai duhu, kara masa mayen ƙarfe ta baya, zai kama. Irinsa ya yi tashe daga shekarun 1860, ya ci gaba a wuraren shaƙatawa da kasuwannin baje koli har farkon ƙarni na 20, kuma yawanci a juye yake, hannun dama ya koma hagu, don haka kada zoben da ke yatsa ya ruɗe ku. Ƙaramin kwali mai kamar santimita 6 da 10 ya fi yawa daga 1860 zuwa 1880 da 'yan kai. Babban kwali mai kamar santimita 11 da 16 da rabi, da sunan mai hoto a ƙasa, shi ne ya mamaye daga shekarun 1870 zuwa farkon 1900. Idan a daular Rasha aka ɗauka, juya bayansa: masu hoto suna buga lambobin yabon da suka ci, kowace da shekararta, to hoton bai girmi shekarar ƙarshe da ke jiki ba.

Mafi yawan abin da za ka tarar, idan sun zo kafin yaƙin duniya na farko, hotuna ne da aka wanke a kan katin wasiƙa. A Amurka sai daga watan Maris na 1907 aka yarda a raba bayan katin da layi, saƙo hagu, adireshi dama. Duba kuma ɗan akwatin da ake manna kan sarki. Idan an rubuta AZO, wato sunan takardar wanke hoton, da ƙananan alwatika huɗu duk suna kallon sama, takardar ta kusan 1904 zuwa 1918 ce. Biyu sama biyu ƙasa, kusan 1918 zuwa 1930. Wannan yana gaya maka "ba kafin shekara kaza ba" ne kawai, domin mai hoto yana iya ajiye tsohuwar takarda ya yi ta amfani da ita. Ƙananan hotuna masu baki zigzag kuwa na shekarun 1930 zuwa 1950 ne galibi.

Yanzu ga inda mutane suke ɓata: Lituweniya ba ta sake zama ƙasa mai cin gashin kanta ba sai 16 ga Fabrairu 1918. Kafin nan yawancinta tana ƙarƙashin Rasha tun 1795, kuma daga 1864 zuwa 1904 an haramta buga harshensu da haruffan boko. Shi ya sa akwati ɗaya zai iya ɗauke da rubutun Rashanci, na Polan, da na Lituweniya, kuma gari ɗaya ya fito da suna uku. Kovno ko Kowno shi ne Kaunas, Vilna ko Wilno shi ne Vilnius, Shavli shi ne Šiauliai, Ponevezh shi ne Panevėžys, Memel shi ne Klaipėda. Kwanan watan da aka rubuta a can kafin 1918 yana iya zama na tsohuwar kalandar Rasha, wadda take baya da kwana 12 a ƙarni na 19, da kwana 13 daga 1900. Idan ranar haihuwa ta saɓa da kusan mako biyu tsakanin takardu biyu, zai iya zama mutum ɗaya ne.

Sunan dangi shi ne mabuɗin da ya fi amfani a bayan hoto, saboda ƙarshensa yana canjawa. Namiji Kazlauskas, matarsa Kazlauskienė, 'yarsa da ba ta yi aure ba Kazlauskaitė. Duk inda ka ga -ienė, matar aure ce, sunan mijinta take ɗauke da shi. Inda ka ga -aitė, -ytė ko -utė, budurwa ce, sunan gidan ubanta ke nan, kuma ta nan ake gano dangin uwa da suka ɓace. Wannan Kazlauskas ɗin a rajistar coci zai iya fitowa Kozłowski, Jonas ya zama Jan ko Ivan, a Amurka ya koma John, Ona ta koma Anna. Kalmomin da za su yi ta maimaituwa kaɗan ne: atminčiai ko atminimui, wato don tunawa, brolis ɗan'uwa, sesuo 'yar'uwa, dėdė kawu ko baffa, teta inna ko goggo, vestuvės biki, laidotuvės jana'iza. Watanninsu ma ba su yi kama da na Turai da muka sani ba, sausis Janairu ne, liepa Yuli, gruodis Disamba, sai ka samo jerin sha biyun ka ajiye kusa. Manhajar fassara tana tuntuɓe da rubutun hannu, musamman na waɗanda suka koyi rubutu lokacin haramcin, da ƙa'idar Polan suke rubuta harshensu, sz a madadin š, w a madadin v. Gara ka sa hoton bayan katin a gaban mai jin harshen.

Raba hotunan gida biyu a ranka: waɗanda aka ɗauka a Amurka, da waɗanda aka aiko daga gida. Sunan situdiyo da adireshinsa a Shenandoah, Mahanoy City, Wilkes-Barre ko Scranton yana nuna garuruwan haƙar kwal na Pennsylvania. Na Shikago, unguwar Bridgeport da kewayen manyan mayankan dabbobi. Idan ka ga Bellshill ko Mossend, to sun biya ta Sikotlan, inda da yawa suka yi aikin kwal da ƙarfe, wasu suka wuce Amurka daga baya. Hoto daga São Paulo ko Buenos Aires yawanci na ƙannen da suka fito bayan 1924 ne, lokacin da Amurka ta ƙuntata shiga. Kada kwat da sarƙar agogo su sa ku ce kakan attajiri ne. Hoton da za a aika ƙauye ne, mutum yana sa mafi kyawun abin da ya mallaka ko ya aro. Jaririn da ke sanye da doguwar riga kuma ba lallai mace ba ce, haka ake sa wa yara maza ƙanana a lokacin.

Akwai nau'i ɗaya da yake firgita mutane har su jefar: akwatin gawa a buɗe, a ƙofar gida ko gaban coci, dangi sun kewaye shi a tsaye. Al'ada ce, ana ɗauka don a aika wa waɗanda ke ƙetare su ga an yi sutura. A wajen bincike ya fi hoton biki daraja, domin na kusa da mamacin yawanci su ne iyalinsa na kusa, kuma ranar rasuwa tana cikin rajistar coci, ka ga ka samu kwanan wata tabbatacce ga fuska ashirin a lokaci guda. Maza masu ɗamara a kafaɗa da tuta a baya 'yan ƙungiyar taimakon juna ta coci ne, zuƙo rubutun tutar za ka ga sunan ƙungiyar. Ƙaramin hoto na mutane cikin rigunan sanyi masu kauri gaban bukkar katako, da sunan gari na Rashanci a baya, zai iya zama na dangin da aka kwashe zuwa Siberiya a 1941, 1948 ko 1949. Na gaban dogayen barikoki a Jamus tsakanin 1945 da 1950 kuwa na sansanin 'yan gudun hijira ne, kuma ma'adanar Arolsen da ke Jamus tana da takardunsu.

Da ka samu suna da kimanin shekara, sai takardu. Jerin fasinjojin jirgin ruwa na tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙi masu shiga Amurka ta New York a wancan lokacin, daga 1907, yana ɗauke da sunan ɗan'uwa mafi kusa da aka baro a gida da ƙauyensa. A tashar da jirgi ya taso aka rubuta jerin, don haka zancen da ake yi cewa ma'aikacin Ellis ne ya canja wa iyali suna ba ya tsayawa, mutanen da kansu suka gajarta daga baya. Nemi ƙasa a matsayin Rasha. Jerin fasinjojin da suka tashi daga tashar Hamburg ta Jamus daga 1850 zuwa 1934 suna nan, na tashar Bremen yawancinsu sun salwanta. Takardar zama ɗan ƙasa daga 1906 tana faɗin garin haihuwa da sunan jirgi, daga 1929 har da hoto, wanda za ka kwatanta da na akwatin. Kafin 1922 matar aure tana bin takardar mijinta ne, kada ka wahala neman tata. Sai ka san sunan cocin ƙauyen kafin ka tunkari ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Vilnius ko shafin intanet na tsofaffin takardun ƙasar, ePaveldas, domin rajistar coci-coci aka jera ta. Gidan tarihin Balzekas a Shikago ma yana da sashen binciken asali.

Wajen kwafa, sikana mai shimfiɗa, ba irin mai jan takarda ba. A sa 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci), ƙananan hotuna 1200, a yanayin kala ko da hoton fari da baƙi ne, a ajiye a nau'in fayil na TIFF. Babban kwali ɗaya zai ci kusan megabayit 30. A kwafi gaba da baya har da gefen kwalin, sunan fayil ya zama lambar da ka sa da fensir. Kwafi uku: kwamfuta, faifan ajiya na waje, da ɗaya a gidan wani ɗan'uwa ko a intanet. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi rubutun tuta ya dagule.

Abin da ke kashe hoto zafi ne da laima da gam. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana kawo fumfuna, saman silin yana gasa shi ya yi ta karyewa. Kabad na cikin ɗaki, nesa da bututun ruwa, zafi ƙasa da digiri 21, laima tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari. Babu laminatin, babu salatif, babu roba mai ɗaurewa. Leda ta zama ta poliyesta ko polifurofilin, ba PVC mai warin sabuwar labulen banɗaki ba, kwali da ambulan kuma a nemi masu shaidar gwajin PAT, wanda ke nuna ba za su lalata hoto ba. Albam mai shafi mai danƙo da leda a sama, irin na shekarun 1970, a fitar da hotunan: zura zaren sakace marar kakin zuma ta ƙarƙashin kusurwa, ka ja shi a hankali hagu da dama. Inda ya ƙi, bar shi. Albam mai baƙar takarda da aka shafa wa gam kuwa kada a ɓamɓare, bayan hoton zai biyo takardar, rubutun da kake nema ya tafi da shi. Hoton da ya manne da gilashin firam a kwafe shi ta cikin gilashin. Wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi da za ka gani a wuraren duhu azurfar hoton ce ta taso, gogewa yana cire hoton ne gaba ɗaya. Dodon hoto na kafin 1950 wanda babu kalmar safety a gefensa zai iya zama irin mai kama wuta, a ware shi daga sauran, haka ma mai warin tsami.

Kala da gyaran fuska da manhaja, a kan kwafi kawai, kuma a rubuta a sunan fayil cewa an taɓa shi. Manhajar tana ƙirƙiro ido da haƙora inda ba ta gani sosai, launin riga ma zato take yi. Kada a kai wa tsohuwa irin wannan don ta gane mutum, a kai mata na asali ko kwafinsa da aka faɗaɗa zuwa girman A4, da tabaraunta a kusa.