Tambayoyinku kan Fasaha: Sabunta Cajin RAM da Masu Taɓa Lambobin BIOS

Tambaya: Da zarar na kunna kwamfutata nakan danna F5 a kai a kai, domin an ce yana sabunta RAM. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, malam. Aikin F5 a fuskar Windows shi ne sake jera alamomin fayilolin da ke kan allo. Umarnin sabunta cajin wutar da ke riƙe bayanai kuwa yana isa ga RAM, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, fiye da sau 100,000 a kowace daƙiƙa ba tare da an jira yatsanka ba, don haka ka tausaya wa maɓallin nan.

Tambaya: Na ga masu wasannin kwamfuta suna ɗaga tREFI zuwa 65535 a cikin BIOS, wato saitunan tushe na kwamfuta, domin ƙarin sauri. Tunda an ce kwanturolar ma'adana, wato sashen da ke aika wa RAM umarni, ita ma takan jinkirta sabuntawa, mene ne laifi idan ni ma na jinkirta? RAM ɗina DDR4-3200 ce.

Amsa: Wannan tambaya tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin masu yaɗa dabarar sun haɗa abubuwa biyu da ba su da dangantaka. Kowace ƙwayar bayani a cikin RAM caji ne ɗan mitsitsi da ke zaune a kafasita, wato ɗan wurin riƙe caji, yana kuma zurarewa a hankali, shi ya sa ƙa'idar JEDEC, hukumar da ke tsara ƙa'idojin RAM, ta wajabta a sabunta kowane layin ƙwayoyi cikin milisakan 64. An raba aikin zuwa umarni 8192, wato ɗaya a kowane maikirosakan 7.8, kuma wannan tazarar ita ce tREFI. Duk lokacin da umarnin ya sauka, guntun (chip) DDR4 mai gigabit 8 yakan rufe ƙofa na nanosakan 350, ba karatu ba rubutu, abin da ya kai kusan kashi 4.5 cikin ɗari na lokacinsa. Wannan ɗan kason ne kake neman ƙwatowa.

Sassaucin da aka ba kwanturola yana da iyaka. Idan buƙatun furosesa sun yi cunkoso, tana iya ɗage umarni har 8 a jere, ta yadda tazara mafi tsawo ba za ta wuce ninki 9 na tREFI ba, idan kuma ta ga hanya ta yi sarari tana iya gabatar da har 8 kafin lokacinsu. Sai dai abin da ta ɗage bashi ne a kanta, tana lissafe da shi, dole ta biya da zarar ta samu sukuni, don haka adadin sabuntawar bai ragu ba, lokacinta kawai aka gusar zuwa inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Kai kuwa da ka rubuta 65535, bashin ka soke gaba ɗaya. A saurin RAM ɗinka lambar ta asali 12480 ce, taka kuma ta mayar da tazarar kusan maikirosakan 41, ta yadda layin da ya kamata a waiwaya cikin milisakan 64 zai jira fiye da 330.

Za ka ce kwamfutar abokinka ba ta taɓa tsayawa ba. Haka ne, yawancin ƙwayoyin suna riƙe caji fiye da abin da ƙa'ida ta nema, amma kaɗan daga cikinsu raunana ne, zafi kuma yana ƙara saurin zurarewar, har ma JEDEC ta ce idan guntu ya haura digiri 85 na Salshiyas a rage tazarar zuwa maikirosakan 3.9. Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren ba ya zuwa da sallama. Sifili ɗaya zai koma ɗaya a cikin fayil, a adana shi a haka, kuma RAM ɗin yawancin kwamfutocin gida ba ta da tsarin gano kuskure da gyara shi, wato ECC, da zai kama shi. Ga kuma harin Rowhammer, mai sauya bayanan wani layi ta hanyar yawan taɓa layin da ke maƙwabtaka da shi, da masu bincike suka bayyana a 2014, wanda tsawaita tazara ke ƙara masa dama. Ka bar lambar yadda kamfani ya saita ta, idan kuma ka riga ka taɓa, ka mayar da ita, ka bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ya kwana yana gwaji, kamar yadda nake yi wa duk RAM ɗin da ta shigo hannuna.

Tambaya: Me ya sa batirin laftof ɗina yake raguwa alhali tana yanayin barci?

Amsa: Domin RAM ba ta barci, 'yar'uwa. Kwanturola takan miƙa mata ragamar sabunta cajinta da kanta, wannan kuma yana cin wuta ko da kaɗan ne. Idan laftof ɗin za ta kwana a jaka, ki zaɓi dogon barcin da ke kwashe komai zuwa faifai ya kashe wutar baki ɗaya.