Amsa ga Malamar da yaranta suka haddace fomula amma ba su gane komai ba

Malama sannu da ƙoƙari, wallahi kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Wannan da kika ce yaranki na SS2 sun haddace fomular ƙididdiga ta fitar da matsakaici, wato sigma fx bisa sigma f, kamar karatun allo, amma in kin tambaye su amsar me take nufi sai kowa ya sunkuyar da kai, ni ma shi ya kusa sa ni haƙura da koyar da lissafi.

Ni dai ajiye teburan littafi na yi na fara da kuɗin tararsu. Kowa ya rubuta nasa a 'yar takarda ba suna. A ce yara tara sun zo da naira 200, ɗaya ɗan masu hali ya zo da 5,000, ki haɗa ki raba goma, matsakaicin da ake kira min zai ba ki 680. Sai ki ce to waye yake da 680 a aljihu? Ba ko ɗaya. Su da kansu za su fara musu wai lissafin ƙarya ne, to a nan kike shigo da midiyan, ki jera kuɗin daga ƙarami zuwa babba su ga na tsakiya 200 ne kuma shi ya fi faɗin gaskiyar ajin. Mod kuma, wato abin da ya fi yawan fitowa, misalinsa lambar takalmi, mai shago ba ruwansa da matsakaicin 39.6 tunda ba a yin wannan lambar, wadda aka fi saya yake sarowa.

Amma fa ki sanar da na sama kafin ki fara, don ni abin da mataimakin shugaban makarantarmu ya yi min har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina tsaka da darasi, yara sun miƙe ana ƙirga masu zuwa a ƙafa da masu keke da masu hawa adaidaita sahu za mu zana fai cat, wato da'irar da ake yankawa kashi-kashi, aji ya ɗan yi hayaniya kam, kawai mutumin nan ya faɗo ba ko sallama ya ce wai wannan lissafi ne ko kasuwa, a gaban ɗalibaina fa Malama, ya ɗauki dasta ya goge allon da hannunsa ya ce in koma kan sikim, wato tsarin darussan zango. Mutumin da ban taɓa ganin ya riƙe alli ba! Bai tsaya nan ba sai da ya kai maganar taron malamai wai ina binciken abin da iyayen yara ke ba su, ana ta dariya, ba wanda ya buɗi baki ya ce ai ƙididdiga tana cikin manhaja kuma WAEC da NECO suna tambayarta. Ranar ko abinci ban iya ci ba. Allah ya isa ban ce ba, amma na bar shi da Allah.

Kar ki manta da maganar wa aka tambaya. Na taɓa sa 'yan bencin baya su kaɗai su faɗi kulob ɗin da suke so, sai na rubuta a allo wai duk makarantar 'yan Barcelona ne, ai 'yan Arsenal suka kusa cinye ni, daga nan suka gane mutum biyar abokan juna ba sa wakiltar makaranta. Har ƙidayar 2006 muka taɓo, da aka ce mun kai miliyan 140, kuma tun daga ita ba a sake wata ba, duk alƙaluman da ake faɗa yanzu hasashe ne.

Ojaif kuma, wato giraf ɗin jimillar da ake tarawa rukuni bayan rukuni, sai kin matsa musu sun sayi littafin giraf ko su haɗa kuɗi mutum uku-uku, su dinga ɗora jimillar a kan iyakar sama ta kowane rukuni ba tsakiyarsa ba, nan suke zubar da maki, da rashin rubuta sunan layukan. Kalkuleta ma matsala ce, rabin aji sai ranar jarrabawa suke fara taɓa ta.

Yaranki nawa ne a ajin? In sun haura tamanin ki raba su layi-layi kowane layi ya tattara nasa, in ba haka ba fiyod ɗin zai ƙare kina karɓar takardu.